Haƙurin Malam Abubakar: Wuni Guda a Bakin Kushewarsa

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da littafin Shaihu Umar ga ɗaliban aji biyu, kuma ya zame mini al'ada duk shekara in mun sauke littafin sai in nemi motar makaranta in kwashe su mu tafi Ƙofar Ran, inda marubucinsa yake kwance. Dalilina shi ne ɗalibi ya gani da idonsa cewa mawallafi mutum ne kamar kowa, an haife shi, ya yi rubutu, ya koma ga Mahaliccinsa. Yawancin ziyarce-ziyarcen nan ba su wuce yawon buɗe ido ba: a ɗauki hoto, a yi addu'a, a sha ruwan leda, a koma. Amma ziyarar bana ta bar ni da wani nauyi a zuci, wanda na ga ba zan sauke shi ba sai na rubuta.

Wanda bai taɓa shiga ginin ba, ga yadda yake. An gina shi ne a ƙarshen shekarun 1970. Mai shiga yakan fara bin wani dogon lungu mai duhu, yana hawa sannu a hankali, haske na ɗan leƙowa nan da can, har ya ɓulla wani fili marar rufi, sai sararin sama. A tsakiyar filin nan kabarin yake, ba ado ba ƙawa. Masu kula da wurin sukan bayyana wa baƙo cewa duhun yana nufin zamanin mulkin mallaka, hasken kuwa 'yancin kai. Muna tsaye a filin, mun shafa fatiha ke nan, sai wata ɗaliba, wadda ba ta cika magana a aji ba, ta matso ta ce:

"Gafarta Malam, ina da tambaya, in ba za ta zama rashin ladabi ba a irin wannan wuri."

Na ce, "Yi tambayarki, 'yata. Ai mai wurin ma malamin makaranta ne."

Ta ce, "Malam, a cikin littafin nan kowa aka zalunta sai ya yi haƙuri. An kori Makau, ya yi haƙuri. An sace Umar, ya girma cikin haƙuri. Babu wanda ya tashi ya ce cinikin mutane haramun ne. To, shin haƙurin nan ba shi ne ya kai marubucin inda muke tsaye ba, ya kuma kai ƙasar inda ta faɗa?"

Na yi shiru. Na ba ta irin amsar da malami kan bayar in an rutsa shi, wato na ce za mu tattauna a aji. Ita kuwa ta rusuna ta koma cikin 'yan'uwanta. Tun daga ranar nake juya maganar.

Ni dai ban san Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ba sai a jikin takardar naira biyar, wadda ta fara ɗaukar hotonsa a 1979. Ina firamare, in mahaifina ya fito da ita za a yi cefanen gida, wani lokaci yakan tsaya ya ƙura mata ido kafin ya miƙa, ya ce, "Allah ya jiƙan Malam." Bai taɓa ce masa Firayim Minista ba, kamar yadda dattawan Bauci da yawa ba sa cewa. Shi yana ɗan shekara goma sha biyar aka yi juyin mulkin 1966, ana cikin azumi, kuma yakan ba mu labarin yadda garin ya yi tsit kwana da kwanaki ba a san inda Malam yake ba, wasu na cewa yana tsare, wasu na cewa an fita da shi, har aka kawo gawarsa ana dab da ƙaramar salla. Ya ce bai taɓa ganin sallar da aka ci tuwonta kamar ana cin magani ba sai wannan. A gidanmu, ke nan, mutumin nan ba abin a yi masa tambaya ba ne. Abin a yi masa addu'a ne. Shi ya sa maganar yarinyar ta sauka a kunnena kamar an taɓa mini kaka.

Sai dai ilimi ba ya son kara. Bari mu bi sawun mutumin tun daga farko.

An haife shi a 1912 a ƙasar Lere ta lardin Bauci, kuma sunan garin Tafawa Ɓalewa ne ya bi shi makaranta har ya zame masa suna. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, ba sarki ba ne, ba ɗan sarki ba. Barantaka yake yi a gidan hakimi. Wannan batu yana da muhimmanci, domin a Arewar wancan zamani asali shi ne rigar farko da ake duba wa mutum. Daga makarantar garinsu ya zo ta lardi a Bauci, daga nan ya wuce Kwalejin Katsina a 1928, inda ya yi shekara biyar, ya tarar ko ya haɗu da yawancin waɗanda za su riƙe Arewa daga baya, ciki har da Ahmadu Bello. A 1933 ya dawo Midil ta Bauci yana koyarwa. A wannan shekarar ce Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zagaya yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Littattafai biyar suka fito daga gasar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East, da kuma Shaihu Umar. Nakan tuna wa ɗalibaina cewa marubucin bai fi shekara ashirin da ɗaya ba sa'ad da ya rubuta shi, wato sa'ansu ne, wasu ma sun girme shi.

Abin da ya bambanta littafinsa da na takwarorinsa shi ne natsuwa. Imam ya cika nasa da barkwanci, Bello Kagara ya cika nasa da kirari da ƙarar takubba, shi kuwa saurayin Bauci ya zaunar da wani dattijon malami a Rauta, almajirai kewaye da shi, yana ba su labarin yadda aka sace shi yana yaro, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, aka ƙetare Sahara da shi, ya yi karatu ya zama shaihi, ya komo. Muryar mai labarin ba ta tashi, ba ta rawa, ko a inda mai karatu yake jin hawaye na taruwar masa. Gaskiyar ɗalibata ce, ba a yi wa bauta huɗuba a ciki. An dai nuna ta yadda take: hari a kan ƙauyen da bai ji ba bai gani ba, rabon mutane kamar rabon ganima, ɗa a gabas uwa a yamma.

To, amma wanda ya ɗauka cewa mai wannan alƙalami ba ya iya buɗe baki, bai san tarihin Bauci ba. A farkon shekarun 1940 garin nan ya zama matattarar masu ra'ayi. Malam Sa'adu Zungur yana nan, Malam Aminu Kano yana koyarwa a Midil, kuma a 1943 aka kafa wani zauren tattaunawa inda malamai da ma'aikatan En'e suke zama su tattauna al'amuran mulki, har maganganun suka yi wa hukuma zafi aka rufe shi. Malam Abubakar yana cikinsu, ko da yake shi mai taka-tsantsan ne, ba mai ƙuna irin ta Sa'adu ba. Ya tafi Ingila a 1945 ya yi shekara guda a sashen koyon aikin malanta na Jami'ar Landan, ya dawo aka zaɓe shi Majalisar Wakilai ta Arewa a 1946, daga nan kuma Majalisar Dokoki ta Ikko a 1947.

Ranar da ta fi burge ni a rayuwarsa duka tana cikin watan Agusta na 1950. A majalisar Kaduna, a gaban Turawan mulki da manyan 'yan majalisar sarakuna, ɗan baran hakimin nan ya miƙe ya kawo ƙuduri cewa a binciki tsarin mulkin En'e gaba ɗaya a gyara shi. Ya yi magana a kan cin hanci, da yadda talaka ba shi da bakin faɗa a sha'anin da ya shafe shi, da yadda aka tattara iko a hannun mutum guda ba tare da wani mai ce masa a'a ba. Mai karatu na yau ba zai gane girman wannan kasada ba sai ya tuna cewa shi kansa mai maganar ma'aikacin En'e ne, albashinsa daga baitulmalin sarki yake fitowa. Ƙudurin ya wuce, aka yi bincike, kuma gyare-gyaren da suka biyo baya, har zuwa dokar En'e ta 1954, sun ɗaura wa sarakuna majalisun da dole a yi shawara da su. Wannan ba aikin mai haƙurin zuba ido ba ne.

Daga nan tauraronsa ya yi ta hawa. Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, sa'an nan Ministan Sufuri. Shi da ya taɓa faɗa a majalisa cewa haɗin Nijeriya a takarda kawai yake, ya je Amurka a 1955 don duba yadda ake sufuri a manyan kogunansu, ya ga al'ummu iri-iri sun zama ƙasa guda, ya dawo da wani ra'ayi dabam. Ba kowane babba ne yake iya sauya ra'ayi a bainar jama'a ba. A 1957 ya zama Firayim Ministan Tarayya na farko, ya kafa gwamnatin da ta haɗa NPC da NCNC da AG don a tunkari 'yanci da murya ɗaya. Ranar 1 ga Oktoba, 1960, shi ya karɓi takardun mulkin kai daga hannun Gimbiya Alexandra, bayan mako guda kuma ya tsaya a Majalisar Ɗinkin Duniya, Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a cikinta. Gwamnatinsa ta aika soja Kwango, ta yanke hulɗa da Faransa a 1961 saboda gwajin bam ɗin nukiliya a Sahara, ta kuma sa hannu wajen matsa wa Afirka ta Kudu lamba har ta fice daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a wannan shekarar. Yana Adis Ababa a 1963 aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. A gida kuwa, a zamaninsa ne jirgin ƙasa ya iso Bauci ya wuce Gwambe har Maiduguri, aka kuma fara aikin madatsar ruwa ta Kainji a 1964. Turawa da kansu sun sallama masa wajen iya harshensu, har ake yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Ya kuma bar duniya ba tare da ya tara abin da za a nuna a ce ga dukiyar Firayim Minista ba, abin da ko abokan hamayyarsa ba su musa ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da na sami amsar da zan rufe bakin ɗalibata da ita. Amma ba a nan ya tsaya ba.

A watan Mayu na 1962 rikici ya ɓarke a jam'iyyar AG tsakanin Awolowo da Akintola, aka yi jifa da kujeru a majalisar Ibadan. Nan da nan gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma, ta naɗa Dakta Majekodunmi kantoma. A 1963 aka ɗaure Awolowo shekara goma bisa laifin cin amanar ƙasa. Ƙidayar 1962 ta rushe, ta 1963 da ta ba da mutum miliyan 55 da ɗoriya ta bar ƙura. Ma'aikata suka yi yajin aikin gama-gari a 1964, ƙasar Tibi ta kama da wuta, zaɓen Disamba na shekarar ya zo da ƙauracewa, har Shugaba Azikiwe ya yi kwanaki bai kira shi ya kafa gwamnati ba. Sa'an nan ga zaɓen Jihar Yamma na Oktoba 1965, wanda maguɗinsa ya fito fili, jama'a suka shiga ƙone gidaje da motoci da mutane. Wata uku ana wannan ɓarna. Mutumin da ya kafa dokar ta-ɓaci saboda jifa da kujeru bai kafa ta ba sa'ad da ake zuba wa bayin Allah fetur. Maimakon haka, a ranakun 11 da 12 ga Janairu, 1966, ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Ikko don a sasanta rikicin Rodeshiya, gobara na ci a bayan ɗaki ana taron kashe ta maƙwabta. Daren 15 ga wata sojoji suka ɗauke shi daga gidansa. A daren aka kashe Sardauna a Kaduna, da Akintola a Ibadan, da Okotie-Eboh, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abekuta.

Adalci ya wajaba a nan. Babu wani kuskure nasa da ya halatta jininsa, kuma waɗanda suka zubar da shi sun buɗe ƙofar da ta kai ƙasar ga yaƙin basasa. Haka nan hannunsa ba a sake yake ba: shi ne shugaban gwamnati, amma mataimaki ne a jam'iyya, shugabanta yana Kaduna, Akintola kuwa abokin ƙawancen jam'iyyar ne. In ya taɓa Akintola ya taɓa gidansu. Wanda ya karanta tarihinsa da Trevor Clark ya wallafa a 1991 zai ga mutum ne da ya gaji, yake begen gonarsa ta Bauci, yake kuma fatan wutar za ta mutu da kanta. Duk da haka tambayar tana nan: ina mutumin 1950 ya shiga a 1965? A wancan karon ya fuskanci waɗanda suke samansa alhali ba shi da komai. A wannan karon yana da komai, sai ya kasa fuskantar waɗanda suke gefensa.

Na daɗe ina ganin wannan tambaya ta masana tarihi ce, sai da na lura da dalilin da ya sa ta hana ni barci. Shekarun baya, a wata makaranta da na taɓa koyarwa, takardar jarrabawar wani ɗalibi ta ɓace. Ni na tsare jarrabawar, ni na ƙirga takardun, na kuma san yaron ya miƙa tasa, domin a gabana ya sa hannu. A hannun wani babba ta salwanta, wanda ya koyar da ni, ya kuma tsaya mini lokacin da nake neman aiki. Da aka zo zaman tantance sakamako, aka karanto sunan yaron aka ce bai zauna jarrabawa ba, sai ya maimaita shekara. Aka tambaya ko akwai mai magana. Na dubi malamina, na dubi takardar da ke gabana, na yi shiru. Na gaya wa zuciyata cewa kunya ce, cewa ba a tsinka babba a cikin taro, cewa zan same shi a keɓe. Ban same shi ba. Da yaron ya zo ofishina idonsa ja wur, ɗan manomi ne da aka sayar da akuya aka biya masa kuɗin rajista, abin da na ce masa shi ne, "Ka yi haƙuri, haka Allah ya ƙaddara." Ya ce, "Na gode, Malam." Har yau in mun haɗu a kasuwar Wunti yakan durƙusa ya gaishe ni, gaisuwar nan kuwa ta fi mini zagi ciwo.

A nan na gane cewa kalmar haƙuri guda ce a baki, amma biyu ce a aiki. Akwai haƙurin da mutum yake yi da abin da ya same shi, wannan shi ne wanda Hausawa suka ce maganin zaman duniya ne, shi ne kuma na Umar da Makau. Akwai kuma haƙurin da mutum yake yi da abin da ya sami wani alhali yana da ikon hanawa. Wannan na biyun aron suna kawai ya yi. Wanda ya yi shi ba shi ne yake biyan kuɗinsa ba.

Da na koma littafin da wannan ido, sai na ga abin da na shekara goma sha ɗaya ina tsallakewa. A cikin mutanen labarin duka, mutum ɗaya ce ta ƙi zama ta jira: mahaifiyar Umar. Da ta ji an sace ɗanta, ba ta naɗe hannu ta ce ƙaddara ba. Ta fita nemansa ita kaɗai, aka yaudare ta, aka sayar da ita, aka ƙetare hamada da ita har Murzuƙ da Tarabulus, ta sha azaba iri-iri, ba ta fasa ba sai da ta sa shi a ido, sa'an nan ta cika. Marubucin bai yi wa bauta huɗuba ba, gaskiya ne, amma ya ɗora nauyin labarin duka a kan matar da ta ƙi yarda da hukuncin bautar. Saurayin da ya ƙago wannan uwa ya san bambancin haƙuri biyun nan sarai. Ya san shi a 1933, ya yi aiki da shi a 1950. In ya kuskure masa a ƙarshen 1965, to bai kuskure don jahilci ba, sai don abin da yake kama kowane ɗayanmu in gaskiya ta biyo ta kan waɗanda muke jin nauyinsu.

Da muka koma aji na kira ɗalibar, na ce mata tambayarta tana da gaskiya rabi. Na zayyana musu 1950, na zayyana musu 1965, ban ɓoye ko ɗaya ba. Daga nan na ba su labarin takardar da ta ɓace, ban ambaci suna ba sai nawa. Ajin ya yi tsit. Wani daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "To Malam, yanzu me za ka yi?" Na ce shekarar da yaron ya rasa ba ta dawowa, amma zan je in same shi in faɗa masa abin da na sani, in nemi gafararsa. Na kuwa je. Abin da ya ce mini tsakanina da shi ne.

Mu mutanen Bauci mun sa sunan Malam Abubakar a jami'a da filin wasa, Ikko ta sa shi a dandalin da aka yi bikin 'yanci, ƙasa ta sa fuskarsa a kuɗin da yau ba ya sayen ko ƙullin gishiri. Duk wannan girmamawa ce, amma girmamawar da ta fi dacewa da malamin makaranta ita ce a karanta shi da gaske, a yi masa tambaya mai wuya kamar yadda yarinyar nan ta yi a bakin kabarinsa. Baɗi in Allah ya kai mu zan sake neman motar makaranta. Allah ya jiƙan Malam, ya gafarta masa kurakuransa, mu kuma ya ba mu ikon buɗe baki ranar da aka tambaya ko akwai mai magana. Amin.